Maigadin da Yara Ke Fakewa da Shi

Shekara ashirin da bakwai Baba maigadi ya yi a ƙofar makarantar firamare, a kan wani benci mai guntuwar ƙafa da ya tokare da bulo. Ba ya duka, ba ya tsawa, amma duk unguwa an san shi da mugunta, kuma shi ya nemo wa kansa wannan suna.

A gaban ƙofar akwai tudun rage gudu, inda motocin yashi ke sassautawa. Nan yara ke ɗafe bayan mota, wanda ya ƙi a kira shi matsoraci. Baba ya san wasan. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya ce wa ƙaninsa, "In ba ka hau ba, kar ka ƙara bin mu." Ƙanin ya hau. Takalminsa ƙafa ɗaya Baba ya kai wa uwarsu. Har yau in mota ta taka birki, sai ya waiga yana neman wani yaro mai gajeren wando wanda ba ya cikin ɗalibai.

Ran nan bayan an tashi, ya hangi jikansa a bakin titi, abokai huɗu sun sa shi a tsakiya. Ya kira shi ya riƙe masa kwaɗon ƙofa. Yaron ya zo ya karɓa.

"Kana son hawa, abokin faɗa?"

"Ba na so, Kaka. Amma sun ce daga gobe ba mai zama kusa da ni."

"To je ka ce na rantse zan ɗaure ka a jikin ƙofar nan in ka hau. Ka ɗan zage ni ma, kar su gane."

"Kai da ko kaza ba ka iya ɗaurewa?"

"Ai su ba su sani ba."

Yaron ya koma yana tsaki. "Tsohon nan mugu ne, ya ce zai ɗaure ni."

Babban cikinsu ya sosa ƙeya. "Ni ma haka ya ce min bara," in ji shi, ya ja da baya daga titi.

Motar yashi ta zo, ta sassauta, ta hau tudun, ta wuce ba kowa a bayanta. Baba ya ƙirga kawuna biyar, ya sake ƙirgawa, sannan ya ja ƙofa ya kulle.