Rigar Malam Ubale a Kan Teku

Tsoron ya fara kama Aliyya ne a teburin kicin ɗinsu da ke Greenbelt, wata Lahadi da hantsi, lokacin da ta kai shafi na uku na takardar da kamfanin jirgin ruwa ya aiko. An rubuta cewa a rana ta biyu akwai liyafar cin abinci ta musamman: maza su sa baƙar kwat da nekatai, mata doguwar riga. Wanda shigarsa ba ta cika ƙa'ida ba, za a nuna masa wani ɗakin cin abincin cikin ladabi. Ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta yana ɓare lemo.

Malam Ubale mutumin Haɗejiya ne, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan yana tuƙa rawayar motar 'yan makaranta a jihar Maryland ta Amurka. Yaran da ya fara ɗauka yanzu su ke kawo masa nasu 'ya'yan bakin titi. Ya saba da ƙanƙara, ya saba da cunkoson babban titin Beltway, har ya koyi cin alayyafo ɗanye don likita ya ce. Kwat ce dai bai taɓa sawa ba.

"Baba, sun ce sai da nekatai," in ji Aliyya.

"Uwata, ni ba akuya ba ne da zan ɗaura wa kaina igiya a wuya." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Tafiyar kyauta ce. Matarsa Rahmatu ta cika shekara ashirin tana aikin jinya, abokan aikinta suka haɗa mata kwana biyar a jirgi, daga Baltimore zuwa Bermuda. Aliyya kuwa ta gama digiri a watan Mayu, aiki bai samu ba tukuna, don haka duk wata takarda ta gidan a hannunta take ƙarewa. Sau uku tana kiran kamfanin, sau uku ana gaya mata cewa kayan gargajiya na kowace ƙasa sun halatta.

"To ai magana ta ƙare," in ji Malam Ubale. "A sauko da ta Yaya."

Ta Yaya babbar riga ce, farar shadda mai aikin hannu da koren zare. Yayansa Kabir ya yi wata bakwai yana yi mata aiki da allura kafin Malam Ubale ya yi aure, kuma Kabir bai yi shekara biyu bayan nan ba Allah ya yi masa rasuwa. Sau biyar kacal Malam Ubale ya sa ta: ranar aurensa, sunan ɗansa Haidar, sunan Aliyya, ranar da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, sai ranar da Aliyya ta karɓi digiri. Na shida shi ne ɗaurin auren Haidar a wata mai zuwa, jirgi ne ya shigo tsakani. Rigar tana zaune a cikin akwati, naɗe da tsohon zane. Ba ta san injin wanki ba. Mutum ɗaya ke taɓa ta da ruwa a duk faɗin Amurka: Ɗija, wata 'yar Damagaram da ke Landover, mai wanke shadda da hannu, ta jiƙa ta da ruwan ƙaro, ta buge ta da gudumar itace har ta yi ƙyalli.

A jirgi ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba, saboda gobara. Malam Ubale bai damu ba. Da safiyar rana ta biyu ya shimfiɗa rigar a kan gado don ta sha iska, ya ja matarsa suka hau sama kallon ruwa.

Aliyya ta tsaya a kan rigar. Layukan ninki sun fito raɗau, tsaye da kwance, gida-gida. Duk rayuwarta tana ganin irinsu a jikin kayan babanta ba ta taɓa kulawa ba. Amma tun safe take ganin ma'aikata suna wucewa da kwat-kwat a leda, sumul kamar an shafe su da mai. A ranta ta hango mai tsaron ƙofar liyafa yana duban layukan nan, yana murmushin ladabi, yana nuna wa babanta wata hanya a gaban jama'a. 

Ta kira Raymond, mai kula da ɗakinsu, ya miƙo mata takardar ɗakin wanki. Zaɓi biyu ne a ciki: guga kaɗai, ko wanki da guga. Ta ga ai idan za a yi, gara a yi mai kyau gaba ɗaya.

Ƙarfe biyar Raymond ya dawo da fara'arsa, riga na reto a jikin hanga. Ta yi laushi kamar labule. Ƙyallin ya tafi. A ƙarƙashin aljihu kuma koren zaren ya zuba, ya bar tabo kamar faɗin tafin hannu.

Malam Ubale ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa biyu ya murza gefen hannun rigar.

"Ina karin?" ya tambaya.

"Wane kari, Baba?"

"Layukan. Su ke nuna riga daga wurin bugu ta fito. Don su ake biyan Ɗija."

"Na ɗauka yamutsewa ta yi," in ji Aliyya. Sauran bayanin da Turanci ya fito, babu wanda ya saurara.

"Shekara huɗu a jami'a," in ji Rahmatu tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi. "Malam, da ka sani ka kai ta wurin Ɗija ta yi digirin a can."

"Ƙyale ta, Rahmatu. Miƙo mini hula."

Ya sa rigar a haka. Ya tattare hannun hagu ya aza a kafaɗa yadda ya sauko ya rufe tabon, ya karkata hula, suka fita. Mai tsaron ƙofar da Aliyya ta yi sati uku tana tsoro ya rusuna har ƙasa. Kafin a kawo miya mutum shida sun nemi hoto. Wata tsohuwa da ke teburinsu, Constance, ta tambaya ko shi sarki ne a ƙasarsu.

"Direban bas ne," in ji shi. "Amma yaran suna jin maganata."

Kowa ya yi dariya ban da Aliyya. Ita abin da ta lura da shi daban ne. A da, in babanta ya sa rigar nan, tun daga nesa ake jin tahowarsa, shaddar na kwaras-kwaras. Yau ya ratsa ɗakin tun daga ƙofa har tebur ba ta ji komai ba. Ya ci kifinsa, ya yaba wa mai girki, bai yi mata faɗa ba har suka sauka a Baltimore. Da ya yi faɗan, da ta fi samun sauƙi.

Washegarin dawowarsu ta ɗauki rigar ta nufi Landover ita kaɗai. Ɗija na aiki ne a garejin wani shago, tun da maƙwabta suka kai ƙarar bugunta a gidan haya. Ta warware rigar, ta shinshina, ta ɗaga ta ga hasken ƙofa.

"Wa ya yi wannan ta'asa?"

"A jirgi ne, Inna."

"Jirgi ba ya cika takarda, ɗiyata."

Aliyya ta sunkuyar da kai. Ɗija ta ja tsaki, ta tura mata kujera da ƙafa.

"Bon, to. Ƙyalli ba komai ba ne, ƙaro da guduma za su maido shi. Kari ma zan sa mata wanda ya fi na da. Tabon nan ne ban sani ba. Zaren tsohon rini ne. In na matsa masa da magani, aikin Kabir ya koɗe gaba ɗaya. In na lallaɓa shi, ƙila ya fita, ƙila ya zauna."

"Yaushe za ki sani?"

"Zan gwada ta ciki, inda ido ba ya gani. In ya bushe zan kira ki. Kar ki kira ni, hannuna a jiƙe yake."

Ranar Litinin ke nan. Malam Ubale ya koma motarsa, yana fita da asuba yana dawowa da labaran yara. Bai tambayi rigar ba ko sau ɗaya, sai dai akwatin yana nan a buɗe a gefen gado, da tsohon zanen a ninke a ciki. Aliyya ta ƙure ƙarar wayarta, tana shiga da ita har banɗaki. Sau biyu wayar ta yi ƙara: ɗaya Haidar ne yana tambayar adadin kujerun bikinsa, ɗaya kuma wani kamfani ne da ta nemi aiki, kuma ta ji haushin da ba Ɗija ba ce.

Yau Alhamis. Saura kwana goma sha tara ɗaurin aure, Ɗija ba ta kira ba tukuna.