Tulun da Malam Ya Hana Ni Buɗewa

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Birnin Kudu suka sani da Sabo Mai Burodi, ni kuwa Malam nake ce masa har muka rabu. Kowace shekara sadaka nake yi in yi shiru. Bana shirun ya gagara, saboda jikata Rabi ta kai ni wani gidan adana kayan tarihi a Kano, inda aka baje tarihin burodi.

A kasuwar Sara na fara ganinsa, lokacin da kuɗin fetur suka shigo, shayi da burodi suka fara ture koko a bakin tasha. Ya zo a kan keke da akwatin gilashi a baya, hula a karkace, girarsa fara fat da fulawa. Na karanta labaran soyayya da yawa daga baya, ban ga saurayin da ya yi irin wannan shigowa ba. Mahaifina kuwa zunubi kawai ya hango. A lokacin, a ƙauyukanmu na Gwaram an ɗauka burodi ba ya tashi sai da bammi, tunda a hannun mutanen kudu aka koyi sana'ar. Malam ma a wurinsu ya koya, bayan samun mulkin kai.

"Kai yaro, me ke kumbura abin nan naka?" in ji Baba.

"Ikon Allah, Baba, da ɗan haƙuri."

"Ikon Allah na san shi. Ɗan haƙurin ne nake so in sansana."

Sai da ya rantse a gaban shaidu cewa bai taɓa zuba giya a kwaɓinsa ba, sannan aka ba shi ni. Duk da haka Baba har ya koma ga Allah bai kai burodinmu baki ba.

Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai wani ƙaramin tulu a ɗakin kwaɓi, rufe da faifai da tsumma, ba mai taɓa shi sai Malam. Ko da yis na gwangwani, mai kumbura burodi, ya cika kanti, bai rabu da shi ba. In na tambaya sai ya ce, "Asabe, iska ba ta yi masa daɗi, balle ido." In na wuce ƙofar nakan ji wani tsami-tsami, sai in ƙara sauri. Ina son mijina, ina kuma tsoron a ce da hannuna nake miƙa wa 'ya'yana haram kowace safiya.

Gidan tarihin ma ban yarda da shi ba da farko. Tandar da suka gina babu baƙin hayaƙi ko ɗigo, kwanukan gashi suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Da Malam ya gani da ya ce wanda ya shirya wannan wuta ba ta taɓa lasar hannunsa ba. Da kuma ya yi dariyar mutanen yau, masu latsa burodin leda suna cewa an sa masa sinadari. Zargin bai bar burodi ba, suna kawai ya canza.

Sai ga kwalba a cikin gilashi, a gefenta tulu irin namu. Na tambayi yarinyar da ke yi mana bayani.

"Wannan bammi ne, Hajiya, wasu da shi suke tayar da kwaɓi kafin yis ya wadata. Tulun kuma na tsohon kwaɓi ne. Kullum a zuba masa fulawa da ruwa, a ɗiba a bar saura. Kamar abu mai rai yake, in an bar shi da yunwa sai ya lalace."

"To da me aka fara shi ranar farko?"

"Wannan sai mai shi, Hajiya."

Na nemi benci na zauna, don akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da Malam ya kwanta a babban asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Je ki buɗe tulun nan, ki zuba masa fulawa da ruwa. Kada ki bari ya mutu." Shekara talatin ina jiran wannan izini. Na je, na tsaya a kansa, na kasa ɗaga faifan. Na ji tsoron in shaƙi abin da zai ɓata min mijina yana kan gadon jinya. Na koma na ce masa na zuba. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Bayan sadakar arba'in na sa aka fitar da tulun a rufe, aka binne.

Har yau ban san abin da maigidansa na Kano, wanda ya koya masa sana'ar ya kuma ba shi tulun, ya zuba a ciki tun farko ba, wataƙila shi ma Malam bai sani ba. Ba zan rantse a madadinsa ba. Amma na auna zamanmu kaf, ina neman ƙaryar da na daɗe ina zargin yana ɓoye min. Guda ɗaya tak na samu wadda ta tabbata a gidan nan, ni ce kuma na yi ta, shi kuwa ya sa min albarka a kanta. Allah ya jiƙan Malam, ni ma ya yafe min.