Man gyaɗa ya ja min asarar sabuwar fanka

Jama'a, ku zo ku ji yadda na cuci kaina da hannuna yau! 😭

Kun san tsohuwar fankar ɗakina, wadda ta girme ni? Sati biyu ke nan da ta mutu, ga zafin Rano kamar gidan burodi. Da safe Baba ya ce, "In ba ta gyaruwa, zan sayo maka mai sola." Na ce wallahi Baba ta gama aiki! Ya hau babur ya tafi kasuwa. Ni har da rawa.

Sai shegen ƙaiƙayin hannu ya kama ni. Na ce bari in gwada kafin a yar. Na ɗebo man gyaɗan Umma, na ɗiga mata a wuya, na juya da tsinke. Aka kawo wuta. Fuuuu! Ta tashi!

Daidai lokacin Baba ya shigo da kwali a hannu. Ya tsaya yana kallo.

"Iyye! Ashe injiniya muke da shi a gidan. To taka ta gyaru. Sani, zo ka ɗauki wannan."

Yaya Sani fa! Mutumin da tun safe yake kwance yana danna waya!

Na ce, "Baba, ai za ta sake mutuwa." Ya ce, "Ka sake gyarawa."

Yanzu haka Yaya ya leƙo, wai, "Injiniya, ara min bargonka, sanyi ya yi min yawa."

Ni kuwa ɗakina sai ƙamshin ƙuli-ƙuli yake! 😤