Usta Haruna da Kaset ɗin Gwaggo Ladi

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfon Usta Haruna, mai gyaran rediyo a Gadarif ta ƙasar Sudan, ya san kafin gaisuwa sai ya auna taƙi ɗaya daga bakinka, ya tura goshinka baya. Liman ma bai tsira ba. Idonsa kuwa yana kan allurar rikoda, in ta taɓa ja sai ya dafe kai kamar an yi rasuwa.

Da shi muke aika murya ga dangi a Najeriya. Na yi Jidda, na yi Injamena da Kano, na leƙa ɗakunan ɗaukar murya masu bango da katifa, amma ban taɓa ganin akwatin ƙara murya irin nasa ba. Gwangwanin alewar ɗahaniya ne ya cusa wa hanjin tsohuwar rediyo, ya sa shi tsakanin makirfo da rikoda, da ɗan abin murɗawa guda.

Shekarar da Gwaggo Ladi ta kwanta, muryarta ta koma raɗa. Tana 'yar shekara goma aka taho da ita hanyar Makka, aka bar ƙanenta Sale wajen kaka a ƙasar Haɗeja, ba su sake haɗuwa ba. Ta ce tana da magana da shi, ga mai kai kaset zai tashi jibi.

Na ɗauko rikodata ta Jidda na ƙure komai. Da muka saurara, innalillahi! Kamar tarakta a gonakin Gadambaliya. Usta ya zo ya ji.

"Ya zol, kai mutumin nan, wannan Hajja ce ko injin niƙa?"

"Ai muryar ce ba ta da ƙarfi."

"Sai ka ƙara wa duniya duka ƙarfi? Harsuna biyar gare ka, kunne ko ɗaya babu. Tashi!"

Ya haɗa gwangwaninsa, ya murɗa kaɗan-kaɗan, ya ɗora mini abin ji a kunne. Subhanallahi! Numfashin Gwaggo nake ji sarai. Amma ina jin kukan cikina, da jakin maƙwabta, da matar Malam Idi ta bayan danga tana cewa rawanina ya fi kaina girma. Usta ya fita, ya sa aka tsai da injin niƙa na bakin layi, ya ɗaura wa jaki dutse a wutsiya don kada ya yi kuka, ya leƙa danga: "Hajja, a ajiye zancen rawanin sai la'asar, yana shiga kaset." Ba mu ƙara jin ko tarinta ba.

Zamanin nan ne da ake kama mutane kan kiɗa. Muna shirin farawa sai ga wani ɗan kwamitin unguwa ya faɗo yana ihu: "Da shinu? Mene ne wannan? Waƙa ake ɗauka ko da ƙasar waje ake magana?" Ni kuwa na san inda irin wannan ke kai mutum. Usta ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka shiga ja. Rage murya."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Dogo ne kai. Riƙe bargon nan a bakin taga, iska na shigowa."

Wallahi ya riƙe! Hannu sama, har aka gama.

Muka yi tsit, mata sun tanadi hawaye. Gwaggo ta yi sallama, ta ce: "Kai Sale, in ba ka mutu ba ka saurara. Akuyar Baba da kura ta ci, har aka yi maka dukan da ya fasa maka kai, ni na kwance ta. Na yi shiru na ƙyale ka. Ka yafe mini, ba na son zuwa da ita."

Muka saki baki. Na ce a sake ɗauka, a sa gaishe-gaishe. Usta ya zare kaset, ya ɓalle 'yan kunnuwansa don kada a goge, ya ce, "Khalas, an gama. Wannan ba a taɓa shi."

Amsa ta iso bayan an yanke riɗi. Sale ya manna baki a makirfo yana kuka yana ihu, babu abin da ke fita sai ɓarara. Gwaggo tana tambaya, "Me ya ce?" Usta ya rufe shagonsa yini biyu, yana ragewa, yana toshe sifika da auduga, har kalma ta fito. Ya kawo rikodar ya kara mata a kunne. A cikin hayaniyar aka ji: "Na yafe, Yaya, na yafe."

Ta ce a maimaita, ya maimaita har sau bakwai. Ta lumshe ido ta ce, "Muryar Baba ce sak." Ba ta ga azumin shekarar ba.

Yau ga shi Usta ya bi ta. Ya Allah, bawanka ya sunkuya ya saurari masu raunin murya. Ka saurare shi ranar da tasa ba za ta fita ba, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.