Kalanguna a Cikin Piyano, Ni a Taksin Jugu

Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa kalangu a orkes, wato ƙungiyar kiɗa, da muka kafa a Titiru, unguwarmu a Paraku, sai ɗan yayata, wanda shi ne shugaba kuma mai piyano, ya cire ni ba ko sallama. Ashe ya naɗi kiɗana a wajen gwaji, ya zuba cikin piyanonsa. Ya danna maɓalli, kalangu ya yi kuka, ba sai an ɗauki tsoho a mota ba. A bakin mai gita na ji an gayyace su wasa a garin Jugu, gidan wani Alhaji jikan fataken goro da ke buɗe sabon shago. Na ce sai na je na ga yadda hannuna ke aiki ba ni.

Mun tashi da asuba, ni da wani maƙwabcina tela. Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai mu tasha, muka biya jika uku-uku, aka danna mu mutum huɗu a bayan wata tsohuwar fijo. Kalangun yana cikin buhu a kan cinyata. Tela ya tambaye ni me zan yi da shi, na ce iska zai sha.

Hanya ba laifi. Gonakin kashu hagu da dama, doya a jibge bakin titi kamar ba ta da mai ita. A Partago ranar kasuwa muka tarar, direba ya tsaya ɗaukar kaji. Na ci sakwara da wagashi, wato cukun Fulani, a miyar gyaɗa. Wanda ake sayar mana a kasuwarmu ta Arzeke, idan aka ajiye shi kusa da wannan, sabulu ne.

Bayan la'asar aka fara, a filin ƙofar gida, ƙarƙashin rumfuna. Na ɓuya a baya wajen masu gasa nama. Jama'a, gaskiya ko ta maƙiyi ce sai a faɗa: yaran nan sun iya! Mai gitar bas ya shimfiɗa kiɗan fonk mai nauyi har kujera na rawa, mai saksofon ya hau kai yana yawo irin na jaz, ya tafi can nesa kamar ya ɓata, sai ya faɗo daidai kan bugu. Mai gita ya taka abin ƙafarsa, rok ya tsage filin. Na zo da fushi, sai ga ƙafata tana bin kiɗa ba da izinina ba. Tela ya ce, "Malam, kai da ka zo kallon faɗuwa?" Na ce ya rufe mini baki.

Can Alhaji ya fito da dattawan gidansa. Ɗan yayata ya so ya burge, ya danna maɓalli. Abin da ya fito taken mahauta ne. Shi nake ɗumama hannu da shi kullum, don mahautan Arzeke na yi wa kiɗa tun ina yaro, kuma ba na jin kunyar haka. Amma kowace sana'a da takenta, ba a tarbar jikan fatake da na fawa a ƙofar gidansa. Masu gasa nama suka miƙe da wuƙaƙe suna rawa, murna har kunne. Alhaji ya tsaya cak. Wata tsohuwa daga cikin gida ta ce, "Wa ya gaya muku saniya muke yankawa a gidan nan?" Dattawa suka fara juyawa.

Ban san lokacin da na kwance buhu ba. Na matse kalangu a hammata, na ratsa mutane ina kaɗa taken fatake, wanda ubana ya ce da shi ake tarbar ayarin goro idan ya dawo daga Gwanja. Tsohuwar ta saki guɗa. Mai bas ya kama ni a bugu na uku, mai ganguna ya biyo, saksofon ya lulluɓe mu. Ban taɓa jin taken nan da fonk a ƙarƙashinsa ba, wallahi tsikar jikina ta tashi. Alhaji ya dawo, ya ɗaga sandarsa yana taka ƙasa a hankali, har kiran magariba ya raba mu.

Washegari muka koma Paraku. A mota na yi ta tunani: akwati yana riƙe kiɗa, amma bai san gaban wanda yake tsaye ba. Ina isa gida na tarar da ɗan yayata zaune a dakali. Ya ce, "Kawu, a yi haƙuri. Asabar akwai gwaji."

Na ce, "Zan zo, don mai bas ɗin nan da mai saksofon, ba don kai ba. Amma kafin in taɓa fata, za ka goge ni daga cikin piyanon nan ina kallo. Kuma ranar da ka sake gajiya da ni, ka zo nan ka faɗa mini da bakinka. Ni na riƙe ka a hannu ranar sunanka, ba sai na ji labarina a bakin mai gita ba."