Munduwar Inna

Innata man gyaɗa take matsa a Gaya, kuma tun da na yi wayo akwai munduwar azurfa a hannunta na dama. Kakata ce ta sa mata ita tana budurwa, hannu ya girma a ciki, ba ta fita.

Wata shekara bayan kaka, gyaɗa ta yi araha, Inna ta duƙufa matsar tunkuza ba hutu. Sai damtsenta, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ya kumbura. Ta ɓoye shi a mayafi, tana gasa shi da ruwan zafi a asirce. Na gane ne ranar da ludayi ya kuɓuce mata. Na yaye mayafin. Wurin ya yi sumul, da zafi, munduwar ta nutse cikin nama. Ni mai saurin fushi ce, amma ranar tsoro ya riga fushin.

Na ja ta asibiti tana mita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya latsa ƙashin, ba ta motsa ba. Da ya latsa tsokar sai ta cije leɓe. Ya sa ta dunƙule hannu, ta juya tafin sama da ƙasa, ya auna zafin jikinta.

"Ba karaya, ban ga alamar mugunya ba," in ji shi. "Tsoka ce ta kumbura don aiki. Magani da hutu da tsumma mai sanyi, a riƙa ɗaga hannun. Amma munduwar ga tana tare jini. Kina jin yatsunki, Inna?"

"Kamar na aro," ta ce.

"To, yau za a yanke ta."

"Ba a yanke ta. Abin da uwata ta bar mini ke nan."

Na ce, "Inna, hannun ma ita ta bar miki." Ta harare ni. Majo ya danna farcenta, ya yi fari, jinin bai dawo da sauri ba. Ya nuna mata, ya sake dannawa. Ta daɗe tana kallon farcen.

"Tahi ki kira maƙerin bakin kasuwa," ta ce da ni. "Shi ya san azurfa."

Da na zo da shi, maƙerin ya cusa ɓallin fata tsakanin munduwar da nama, ya kama zagawa da ƙaramin zarto. Ina riƙe da kafaɗarta. Kowane ja sai na ga kamar zarton zai zame. Can azurfar ta rabu, ya buɗe ta da awartaki.

A ƙarƙashi fatar fara ce, mai laushi, kamar ta jariri. Inna ba ta kalli munduwar ba. Ta shafa wurin da yatsa ɗaya.

"Rabona da ganin nan," ta ce, "tun uwata ke riƙe da hannun."