Ranar da Kaka Ta Gaishe Ni da Ladabi

Ni da kakata zagi ne gaisuwarmu, tun ina rarrafe. In na shiga gidanmu na Getso, tun daga zaure za ka jiyo ta: "Ga mijin nawa nan, mai ƙafa kamar muciya! Yau ma hannu rabbana ka zo min?" Ni kuma in ce, "Tsohuwa, ai na sake ki tun bara, zaman me kike yi a gidana?" Sai ta wurgo min mafici. In ta gaji da zagin, ta jawo kwano daga ƙarƙashin gado, ƙuli-ƙuli ne ko dakuwa, nawa ni kaɗai. Kowa ya san wasan jika da kaka, amma namu wallahi ba a magana. Har ɗaukar muryarta nake yi a waya in tura wa 'yan ajinmu, su yi ta dariya suna cewa tsohuwar nan ba ta da birki.

Kullum ta gan ni ina danne-danne sai ta ce, "Kai ne za ka shiga jami'a da wannan latse-latsen? Ranar da ka shiga, ni da kaina zan yi guɗa har a jiyo ni a Madadi." Na ce ta ajiye muryarta, za ta yi amfani.

Lokacin korona mu dariya muke yi, wai ciwon masu hawa jirgi ne, me zai kawo shi ƙauye. Sai ga tsohuwa da tari da zazzaɓi, numfashi yana yi mata gardama. Kawuna ya kai ta asibiti a Gwarzo, aka gwada, aka ce shi ne. Ta sha jiki, amma ta tashi. Ranar da aka sallamo ta na ɗora hotonta a status na rubuta: matata ta dawo, korona ta ji kunya.

Ashe ba duka ta dawo ba. Da farko abin dariya ne ma. Ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka ta ce Innarmu ce ta zuba. Ta nemi carbinta duk gidan, yana wuyanta. Daga baya ta fara tsayawa a tsakiyar salla tana waige-waige, ba ta san raka'a ta nawa take ba. Wata rana ta fita barkar haihuwa nan maƙwabta, sai wani mai kura ne ya dawo da ita daga bakin kasuwa. Aka koma asibiti. Likita ya ce ana ganin haka a wasu tsofaffi bayan wannan ciwon, a dai riƙa kula da ita, ba shi da maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Duk da haka in na shigo tana zagina, ko da zagin ya rage gishiri. Ni kuma na riƙe wannan: muddin tana zagina, tana nan.

Sai na koma Kabo wajen goggona ina shirin jarrabawa, na daɗe ban leƙo gida ba. Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka ina shagon cajin waya ne. Na duba, na sake dubawa, na kurma ihu har mai shagon ya zubar da shayinsa. Kafin in hau mota na tura wa guruf-guruf ɗina kaf, yatsuna har zafi suke yi. Saƙonni suna ta shigowa, "Shege mutumina, ka fasa!" Ni ba su ne a gabana ba. Duk hanya, daga Kabo zuwa Gwarzo zuwa Getso, tsara abin da zan faɗa mata nake yi.

Na same ta a kan tabarma a inuwar rumbu, da ƙwaryar wake a gabanta. Na daka tsalle na ce, "Tsohuwa, tashi ki biya bashin guɗa! Mijinki ya zama ɗan jami'a!"

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta ja mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama, ta sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Malam. An zo lafiya? Ya iyali? Ya hanya?"

Na ce, "Kai, tsohuwa, daina wannan fim ɗin."

"Bari a kira maka masu gidan," in ji ta. "A kawo wa baƙo ruwa."

Na fizge maficin da ke gefenta, don na san a kan wannan ba ta yafiya. Da can sai ta bi ni da muciya har zaure. Yanzu kuwa sai ta ja da baya. "Ɗauka, Malam, ɗauka. Allah ya ba ka haƙuri."

Inna tana bakin madafa, ta girgiza min kai. Ta ce a hankali, "Kwanakin baya ta daina gane kawunka ma. Kar ka tsorata ta."

Na zauna a ƙasa nesa da tabarmar, kamar baƙon da ta ce ni ne. Wayata tana ta ƙara a aljihu. Na ciro ta, na lalubo tsohuwar muryar nan, na kunna. Sai ga ta raɗau: "Mai ƙafa kamar muciya, ranar da ka shiga jami'a..."

Ta kasa kunne. Ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi.

"Wannan mata akwai baki," in ji ta. "Da jikanta take?"

Na ce, "E, Hajiya."

"To ya shiga?"

"Ya shiga."

"Madalla. Allah ya yi masa albarka. Ka ce ya je ya gaya mata, za ta ji daɗi."

Ta mayar da hannu cikin waken.

Yanzu ina makaranta. Duk hutu ina zuwa, in yi sallama daga zaure, in durƙusa, ta tambaye ni iyali in ce suna lafiya. Kwanon yana nan ƙarƙashin gado, Inna ta wanke ta kife shi. Na daina fizge mata mafici.